Ciwon gaut: yadda ake kwantar da shi idan ya tashi, da yadda ake hana shi dawowa

Yawanci da tsakar dare yake zuwa. Mutum ya kwanta lafiya lau, can wajen ƙarfe biyu ko uku sai zogi ya tashe shi a gindin babban yatsan ƙafa, kamar an ɗora masa garwashi. Kafin kiran assalatu wurin ya kumbura ya ɗauki zafi, ko zanen rufa ne ya goge shi sai mutum ya yi ƙara. A jikin mai hasken fata wurin kan yi ja. A baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, sai dai a ga wurin ya ƙara duhu yana sheƙi. Gari na wayewa sai a shiga neman dalili: wannan ya ce targaɗe ne a kira mai ɗori, wancan ya ce sanyi ne, wani ya ce ai wani abu ya taka. Bayan mako ɗaya ko biyu ciwon ya lafa da kansa, sai a jingina sauƙin ga duk abin da aka shafa ko aka sha daga ƙarshe.

Wannan shi ne gaut, wanda likitocin Larabawa na da suka kira niƙris. Lafawar nan da yake yi da kansa ita ce babbar yaudararsa, domin abin da ya haddasa shi yana nan kwance a cikin gaɓar.

Abin da ke taruwa a gaɓar

Kowace ƙwayar halitta, ta mutum ko ta dabba ko ta tsiro, tana ɗauke da wani sinadari da ake kira fiyurin. Idan ƙwayar ta tsufa ta mutu, jiki yana rushe fiyurin ɗin, abin da ya rage shi ne yurik asid. Mafi yawansa jiki ne da kansa yake samar da shi, abinci ƙari kawai yake yi. Ƙoda ce ke fitar da kusan kashi biyu cikin uku ta fitsari, hanji ya fitar da sauran.

Jini yana da iyakar abin da zai iya narkarwa, kamar shayin da aka cika wa sukari, wanda da zarar ya huce sai a ga sukarin ya kwanta a gindin kofi. Iyakar yurik asid ita ce kusan 6.8 mg/dL, wato miligiram 6.8 a kowane kashi ɗaya cikin goma na litar jini. Idan ya zarce haka shekara da shekaru, sai ya fara daskarewa ya zama wani gishiri mai siffar ƙananan allurai, yana kwanciya a kan guringuntsi da jijiyoyin gaɓoɓi. Sanyi yana hanzarta daskarewar, shi ya sa yatsan ƙafa, wanda ya fi ko'ina nisa da ɗumin jiki, ya fi shan wahala. Kusan rabin masu ciwon daga nan yake fara musu. Sauran wuraren su ne bayan ƙafa, idon sawu, gwiwa, wuyan hannu da gwiwar hannu. Ranar da wasu allurai suka ɓalle suka shiga ruwan gaɓa, fararen ƙwayoyin jini sai su far musu kamar sun ga ƙwayar cuta. Wannan faɗan shi ne kumburin da zogin.

A cikin masu gaut 10, kusan 9 matsalarsu ita ce ƙodarsu ba ta fitar da yurik asid yadda ya kamata, kuma gado yana da hannu sosai a wannan. Don haka ne za a ga mutum biyu suna cin tsire a faranti ɗaya shekara 20, ɗaya ya kamu ɗaya bai kamu ba. Kiran sa ciwon masu kuɗi da ake yi ya hana talakawa da yawa zargin suna da shi. Ya fi kama maza daga shekara 30 zuwa sama. Mata kuwa sinadarin jikinsu na mata yana taimaka wa ƙoda wajen fitar da shi, sai bayan al'ada ta ɗauke suke fara kamo maza, kuma a tsofaffin mata sau da yawa a yatsun hannu yake fitowa. Masu ƙiba, masu hawan jini, masu ciwon sukari da masu ciwon ƙoda sun fi shiga haɗari. Masu sikila ma yurik asid ɗinsu kan hau. Gubar dalma, irin wadda ta ɓulla a ƙauyukan masu haƙar zinare na Zamfara a 2010, tana lalata ƙoda ta yadda gaut kan biyo baya, saboda haka mai niƙa dutsen zinare ko mai narkar da batir ya gaya wa likita sana'arsa.

Yadda ake tabbatar da shi

Kafin komai sai an cire abu ɗaya mai haɗari. Gaɓar da ƙwayoyin cuta suka shiga ta yi mugunya, ita ma haka take kumbura ta yi zafi, kuma cikin kwanaki kaɗan take lalacewa, tana iya kashewa ma. Idan kumburin ya zo da zazzaɓi da rawar ɗari, ko akwai rauni ko gyambo kusa da gaɓar, ko mutum mai ciwon sukari ne, ko mai sikila, ko an taɓa sa masa ƙarfe a gaɓar, to a je asibiti a ranar. Haka nan duk wanda wannan ne karonsa na farko.

Gwajin da ya fi kowanne tabbas shi ne likita ya zuƙo ruwan gaɓar da sirinji a duba shi a madubin ɗakin gwaji, a ga alluran gishirin da ido, a kuma duba ko akwai ƙwayoyin cuta. A gwiwa abu ne mai sauƙi, a yatsa ya fi wuya. Inda babu wannan, likita yana haɗa yanayin ciwon da gwajin jini, wani lokaci da sikanin, domin ƙwararre kan ga gishirin ya yi layi a saman guringuntsi. Hoton ƙashi ba ya nuna komai a shekarun farko, sai ɓarna ta yi nisa.

Gwajin jini yana da tarko biyu. Na farko, yayin da ciwon yake tsakiyar tashi yurik asid yakan sauka, har sakamako ya fito daidai, a ce wa mutum ba gaut ba ne. A sake gwajin bayan aƙalla mako 2 da lafawar ciwon. Na biyu shi ne ma'auni, domin ɗakunan gwaji ba su rubuta shi iri ɗaya. Lambar da ake so a kasance ƙasa da ita ita ce 6 mg/dL. Wani ɗakin gwajin zai rubuta ta 360 µmol/L, wani 0.36 mmol/L, a Nijar da sauran ƙasashen da ke bin tsarin Faransa kuma a kan rubuta 60 mg/L. Duka abu ɗaya ne. Idan ana son mayar da mg/dL zuwa µmol/L sai a ninka da 60. Mutum ya dubi haruffan da ke gefen lambar kafin hankalinsa ya tashi. Kuma kada a ruɗu da abin da takardar ta rubuta a gefe cewa har 7 ko 7.2 daidai ne ga namiji. Wannan na wanda ba shi da gaut ne. Ga mai gaut, 7 ya yi yawa, gishiri yana ci gaba da kwanciya.

A rana ɗaya a yi gwajin ƙoda, wato kiriyatinin da lissafin ƙarfin tacewarta, a auna sukari da hawan jini. Ba a zaɓen maganin gaut ba tare da an san halin da ƙoda take ciki ba.

Wanda kuma aka ga yurik asid ɗinsa ya hau a gwaji amma bai taɓa ciwon gaɓa ko tsakuwar ƙoda ba, galibi ba a ɗora shi a kan magani. Yawancin irinsu ba sa taɓa yin gaut. A duba ƙodarsa da jininsa da magungunan da yake sha, a gyara abin da ke gyaruwa.

Idan ya tashi

Sauri shi ne komai. Maganin da aka sha cikin awa 12 na farko ya fi wanda aka sha a rana ta uku aiki nesa ba kusa ba, don haka wanda aka riga aka tabbatar masa da gaut ya nemi likita ya rubuta masa maganin da zai ajiye a gida. Hanya uku ce, ƙarfinsu kusan ɗaya, lafiyar mutum ce ke zaɓa masa. Za a rubuta sunayen kamar yadda suke a jikin kwali.

Ta farko colchicine. A sha miligiram 1 nan take, bayan awa ɗaya a ƙara rabin miligiram, shi ke nan na ranar. Daga washegari rabin miligiram sau 2 ko 3 a rana har ciwon ya kwanta. A duba ƙarfin ƙwayar da kyau: akwai mai 0.5, akwai mai 0.6, a kantunan magani na Nijar kuma an fi samun mai miligiram 1 wadda sai an raba ta biyu. Tsohon tsarin da ake cewa a yi ta sha kowace awa har sai gudawa ta zo an daina shi, domin bai fi ƙaramin adadin aiki ba, guba kawai yake ƙarawa. Tsakanin adadin da ke magani da wanda ke kisa a wannan ƙwayar babu nisa, saboda haka gudawa ko amai alama ce ta a dakata. Akwai wani nau'i mai suna Colchimax da aka haɗa da abin da ke tsayar da gudawa, wanda ke nufin gargaɗin ba zai fito da wuri ba, sai an ƙara kula da ƙirga. Ba a haɗa colchicine da magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin clarithromycin ko erythromycin, ko ketoconazole, ko maganin ƙanjamau mai ritonavir, domin suna hana jiki fitar da shi. Mai raunin ƙoda ko hanta sai likita ya rage masa. A ɓoye shi daga yara.

Ta biyu magungunan kumburi irin su naproxen, miligiram 500 sau 2 a rana bayan cin abinci, na kwana 5 zuwa 7, a kan haɗa da omeprazole don kare ciki. Ibuprofen, diclofenac da indomethacin duk dangi ɗaya ne, ɗaya ake sha, ba a haɗa biyu. Ba na mai olsa ba ne, ko mai ciwon ƙoda, ko mai ciwon zuciyar da ke kumbura ƙafa, ko mai shan maganin tsinka jini irin warfarin. Asfirin kuwa ba a shan sa don zogin gaut.

Ta uku prednisolone, miligiram 30 zuwa 35 sau ɗaya da safe, na kwana 5. Shi ya fi dacewa da mai raunin ƙoda da tsofaffi. Yana ɗaga sukari, mai ciwon sukari ya riƙa aunawa a kwanakin. Idan gaɓa ɗaya ce babba kamar gwiwa, likita na iya zuƙe ruwan ya yi allurar maganin a ciki, bayan ya tabbatar ba mugunya ba ce.

Ban da magani, a ɗaga ƙafar a kan matashi, a naɗe ƙanƙara ko daskararriyar ledar fiya wata a tawul a ɗora minti 15 zuwa 20, sau 3 ko 4 a rana. Da dare a kifa kwando ko kwalin da aka yanke gefensa a kan ƙafar, sannan a ja abin rufa ta samansa, don kada ya taɓa yatsan. Sujada da zaman tahiya suna lanƙwasa daidai gaɓar da ke ciwo, wanda ba zai iya ba ya yi sallarsa a zaune har ya samu sauƙi. A sha ruwa sosai.

Kada a bari a ja yatsan ko a murza shi da sunan gyaran targaɗe, kada a gasa shi da ruwan zafi, kada a yi tsaga ko ƙaho a wurin. Gishirin yana cikin gaɓa inda aska ba ta kaiwa, abin da tsaga ke ƙarawa shi ne ƙofar da ƙwayoyin cuta za su shiga.

Sai maganar haɗin kemis, ƙwayoyi huɗu ko biyar a ƙulle a leda ba suna. Yawanci akwai diclofenac ko piroxicam a ciki, da dexamethasone ko prednisolone. Zogi kam zai tafi, shi ya sa ake komawa. Amma wanda ya shekara biyar yana haka duk sanda ƙafa ta motsa, ƙodar da dama ita ce mai rauni yake ƙara dannewa, ƙoda na raunana yurik asid na ƙara hawa. Garin neman gira a rasa ido.

Saukar da yurik asid

Duk abin da aka faɗa a sama kashe wuta ne kawai, an kashe maciji ba a sare kansa ba. Idan aka tsaya nan, tazarar da ke tsakanin tashi da tashi tana raguwa, daga shekara zuwa watanni, gaɓoɓin da ke kamuwa suna ƙaruwa. Bayan shekaru sai ƙullutai su fito a yatsu, gwiwar hannu, agarar dunduniya ko gefen kunne. Da ƙarfi suke, wani lokaci ana hango fari ta cikin fata, idan ɗaya ya fashe sai wani farin abu kamar jiƙaƙƙen alli ya riƙa fita. Gishirin ne tsantsa, kuma yana cin ƙashin da ke ƙarƙashinsa.

Abin da ya bambanta gaut da yawancin ciwon gaɓoɓi shi ne wannan gishirin yana narkewa. Idan aka riƙe yurik asid ƙasa da 6 mg/dL, abin da ya taru zai koma cikin jini a hankali ƙoda ta fitar, har gaɓa ta wanke. Mai ƙullutai ana kai shi ƙasa da 5, wato 300 µmol/L, don narkewar ta yi sauri. Wanda ciwon ke tasar masa sau 2 ko fiye a shekara, ko yake da ƙullutu, ko hoto ya nuna ƙashi ya fara ciwuwa, lallai ya fara shan maganin saukar da yurik asid. Wanda sau ɗaya ya taɓa yi amma yana da ciwon ƙoda, ko tsakuwar ƙoda, ko lambarsa ta haura 9, shi ma ana ba shi shawarar farawa.

Allopurinol shi ne na farko, magani ne da ake amfani da shi tun shekarun 1960, ga araha. Aikinsa rage yawan yurik asid da jiki ke samarwa. Ana farawa da miligiram 100 sau ɗaya a rana bayan abinci, mai raunin ƙoda kuma 50. Bayan mako 2 zuwa 4 a auna jini. Idan bai sauka ƙasa da 6 ba a ƙara 100, ko 50 ga mai raunin ƙoda, a sake aunawa bayan wasu makonnin, haka haka har a kai. Wasu 200 ta ishe su, da yawa sai 300 ko 400, wasu har 600, iyakarsa 800 zuwa 900. Da an kai, a tsaya a wannan adadin, a riƙa aunawa duk wata 6 zuwa shekara.

Kurakuran da ke ɓata wannan aikin sanannu ne. Akwai wanda ake fara masa da 300 kai tsaye, wanda ke ƙara haɗarin ƙuraje da tayar da ciwon. Akwai wanda aka bari a kan 100 shekara uku ba a taɓa sake auna shi ba, yana ta shan magani gishiri na ta taruwa, har ya yanke cewa maganin ba ya aiki. Akwai mai shan sa kamar fanadol, sai ƙafa ta kumbura ya ɗauko, ta lafa ya ajiye. Allopurinol ba ya kashe zogi ko kaɗan, kuma sha a daina, sha a daina, shi kansa yana tayar da ciwon.

Kuskuren da ya fi kowanne korar mutane shi ne rashin gaya musu abin da zai faru a watannin farko. Idan yurik asid ya fara sauka, tsohon gishirin da ya kwanta yana sakin jiki, gutsattsari suna ɓallewa cikin gaɓa, sai ciwon ya tashi, wani lokaci fiye da da. Mutum sai ya ce wannan magani bai karɓe ni ba, ya watsar, alhali alamar ya fara aiki ce. Don haka ake haɗa shi da colchicine rabin miligiram sau ɗaya ko 2 a rana na wata 3 zuwa 6 na farko. Idan duk da haka ya tashi, a yi maganin tashin kamar yadda aka bayyana, a ci gaba da allopurinol ba fashi. Tashin yakan ragu sosai cikin shekara ta farko, ƙullutai kuwa suna iya ɗaukar shekara 2 ko fiye kafin su baje.

Wani bincike da aka yi a Nottingham ta Ingila, aka buga a 2018, ya nuna girman wannan. Marasa lafiyan da ma'aikatan jinya suka zauna suka yi wa bayani, suka riƙa ƙara musu magani bisa sakamakon jini, kashi 95 cikin 100 sun sauka ƙasa da 6 bayan shekara 2. Waɗanda aka bari a kan kulawar da aka saba, kashi 30 ne kawai. Maganin ɗaya ne, bibiya ce ta bambanta.

Haɗarin allopurinol da ya wajaba kowa ya sani shi ne ƙuraje. Ba kasafai ba, amma yana iya jawo mummunan saɓulewar fata da ke kisa, galibi a cikin wata 2 zuwa 3 na farko. Duk wanda ya ga ƙuraje, ko zazzaɓi, ko gyambo a baki, ko jan ido, ko kumburin fuska bayan fara shi, ya daina a take ya tafi asibiti, kada ya sake sha sai likita ya ce. Haɗarin ya fi yawa ga masu raunin ƙoda, da wanda aka fara wa da adadi mai yawa, da masu ɗauke da wani gadon halitta mai suna HLA-B*58:01. Ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka, a ƙa'idojinta na 2020, ta ba da shawarar gwada wannan ga 'yan asalin Sin, Koriya da Tailan da kuma baƙaƙen fatar Amurka kafin a fara. Inda gwajin ba ya samuwa, farawa da kaɗan da sa ido a kan fata shi ne kariyar da ke hannu. Ba a kuma haɗa shi da azathioprine ko mercaptopurine, magungunan da ke danne garkuwar jiki, sai da sanin ƙwararre, domin yana iya durƙusar da ɓargo.

Wanda allopurinol bai karɓe shi ba, akwai febuxostat, miligiram 40 zuwa 80 a rana, wasu ƙasashen har 120. Ya fi tsada, kuma ana taka-tsantsan da shi ga wanda ya taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki.

Shan maganin na dindindin ne, kamar na hawan jini. Idan aka daina, cikin makonni kaɗan yurik asid zai koma inda yake, gishiri ya sake fara kwanciya shiru, daga baya ƙafa ta sake tashi.

Magungunan da ke ɗaga shi

A zube wa likita duk abin da ake sha a tebur. Magungunan hawan jini masu sa fitsari su ne kan gaba: hydrochlorothiazide, wanda ke cikin Moduretic da haɗe-haɗe da yawa, da bendroflumethiazide, da furosemide da aka fi sani da Lasix. Idan hawan jini ne kawai dalili, likita na iya mayar da mutum kan losartan, wanda yake ɗan saukar da yurik asid, ko amlodipine. Idan ciwon zuciya ne ya sa ake shan su, ba a tsayarwa, sai dai a daidaita allopurinol. Ƙaramin asfirin mai miligiram 75 shi ma yana ɗan ɗagawa, amma wanda aka ba don kare zuciya ya ci gaba da abinsa. Pyrazinamide da ethambutol na cikin maganin tarin fuka suna ɗaga shi sosai har gaɓoɓi su yi ciwo. Ba a yanke maganin tarin fuka saboda haka, a dai sanar da ma'aikatan asibitin.

Abinci, azumi da naman Sallah

A nan ake yawan wuce gona da iri. Ana hana mutum nama da wake da kifi da alayyafo da tumatir, ya rame ya gaji, ciwo kuma bai fasa tashi ba. Ko an kiyaye abinci iya kiyayewa, abin da yake saukarwa bai cika wuce 1 mg/dL ba. Wanda yake kan 9 zai dawo 8, har yanzu yana saman iyaka. Amfanin kiyayewar shi ne rage abin da ke tunzura ciwon, da taimakon ƙoda da zuciya.

Abin da ya fi fiyurin shi ne kayan ciki: hanta, ƙoda, zuciya, saifa, huhu. Farfesun kayan ciki da ragadada, da romonsu ma, domin fiyurin yana fita cikin ruwan dahuwa. Waɗannan a bar su, ko a mayar da su abin ɗanɗano. Jan nama, tsire, balangu, kilishi da dambun nama, a rage, kada abin da za a ci a rana ya wuce faɗin tafin hannu, kusan giram 100, kuma ba kullum ba. Kilishi busasshe ne, ɗan falle kaɗan nama ne mai yawa. Kifin gwangwani irin sadin da jatan lande su ma suna da shi da yawa. Giya ta kwalba da burkutu sun haɗa illa biyu, ga fiyurin na yis ga barasar da ke hana ƙoda fitar da yurik asid.

Wanda ba a cika zargi ba shi ne zaƙi. Nau'in sukarin da ake kira furuktos, wanda shi ne rabin sukarin shayi kuma yake da yawa a zuma, hanta na sarrafa shi tana samar da yurik asid. Robar lemo mai rabin lita tana iya ɗauke da kusan giram 50 na sukari, kimanin cokalin shayi 12. Lemon malta, zoɓo da kunun aya da aka cika wa sukari, da shayin mai shayi mai cokali huɗu, duk lissafi ɗaya ne. Mutum na iya barin nama gaba ɗaya yana shan lemo uku a rana, ya rasa gane abin da ke damunsa.

Wake, ƙosai, alala, waken suya, alayyafo, zogale da sauran ganyaye ba su da laifi. Babban binciken da aka bi maza sama da 47,000 a Amurka na shekara 12, wanda aka buga a 2004, ya gano nama da abincin teku suna ƙara haɗarin gaut, fiyurin na tsirrai bai ƙara ba, madara da danginta kuma suna ragewa. Ke nan nono da kindirmo abokan tafiya ne, in an tafasa madarar kuma ba a zuba sukari ba. Ƙwai ma lafiya lau, kaza daidai gwargwado.

Ruwa lita 2 zuwa 3 a rana, wato ledar fiya wata 4 zuwa 6, a ƙara a watannin bazara ko in ana aikin rana, sai fa wanda likita ya ƙayyade masa ruwa saboda zuciya ko ƙoda. Launin fitsari ne ma'auni, ya kasance fari-fari. Mai ƙiba ya rage a hankali, rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. Horon kai da yunwa don a rame da sauri yana ɗaga yurik asid ya tayar da ciwon.

A watan azumi ƙishirwar yini ce abin kula. Da yake allopurinol sau ɗaya ake sha, a mayar da shi bayan buɗa-baki ba tare da an rage ba, a rarraba ruwan tsakanin magariba da sahur, a kuma kula da lemo da zoɓon shan ruwa. Babbar Sallah kuwa ita ce jarrabawa, domin kayan ciki ake fara soyawa ranar yanka, soyayyen nama kuma ya yi mako ana ci safe da yamma. Mai gaut ya bar hanta da ƙoda ga wasu, ya ɗebi tsoka kaɗan, ya tabbatar maganin tashin ciwo yana gida kafin ranar.

Tsakuwar ƙoda

Yurik asid yana daskarewa a fitsari ma, musamman idan fitsarin ya yi kaɗan kuma tsaminsa ya yi yawa. Alamarsa ciwo mai tsanani a kwiɓi da ke saukowa mara, da amai, wani lokaci da jini a fitsari. Irin wannan tsakuwar ba ta fitowa a hoton ƙashi na yau da kullum, sai a sikanin ko hoton CT, don haka hoto ya fito fes bai wanke mutum ba. Tana narkewa idan aka rage tsamin fitsari da wani magani mai suna potassium citrate, ana auna fitsarin ana daidaitawa, tare da ruwa mai yawa da allopurinol. Kada a ce za a yi wannan da jiƙon kanwa a gida: ba a san adadin da ake sha ba, kuma gishirin da ke cikinta yana ɗaga hawan jini. Idan ciwon kwiɓin ya zo da zazzaɓi, ko fitsari ya ɗauke, tsakuwar ta toshe hanya ke nan, a tafi asibiti a daren.